Ratar Kamu Ɗaya

Ni ne Lawali mai walda a Zengo,
bayan tashar da ake lodin wake.
Shekara ashirin ina kiwon wuta a bakin ƙarfe.
Na san halinta:
ba ta da dangi, ba ta jin "don Allah".

Ni na ƙera wa Alhaji Mutari kantocin magazansa,
hawa biyar, kansu na gogar kwano.
Katifu a sama, jarkokin man gyaɗa a ƙasa,
a tsakani ashana da takalman roba
suna maƙwabtaka kamar ba su san juna ba.
Ni na ɗaga masa allon suna
mai fitilu ja da kore,
faɗinsa ya haɗiye tagar gaba ɗungurungum.
Ya ce yana so a karanta shi daga Birni.

Ran Talata sai ga Cima daga meri,
littafi a hammata, igiyar awo a hannu.
Gaisuwarta gajera.
Ta ɗaga kai, ta daɗe tana duban rufi.

Ta ce: tsakanin kaya da kwano a bar kamu guda.
Hanyar tsakiya ta ɗauki mutum biyu
suna gudu, kafaɗa ba ta taɓa kafaɗa ba.
A ɗaure ƙafar kowace kanta da ƙasa.
Mai ya bar kusa da ashana.
Allon nan ya sauka daga kan taga,
wayarsa kuma, wadda aka ɗaure da leda,
a sa mata riga.

Alhaji ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
"Yarinya, iska zan tara?
Haya nake biya har rufi.
Kamun nan naki katifa sittin ne."

Ba ta ɗaga murya ba.
"A Damagaram muke, Alhaji.
Yaushe rabon famfonka da ɗigo?
Kafin motar masu kashe gobara ta cika ciki,
ta ratso amalanke da ƴan kabu-kabu,
me za ta tarar?"
Ta rubuta, ta yage, ta miƙa.
Kwana goma sha biyar.

To, hannun da ya ɗaura shi aka kira ya kwance.
Na hau da injin yanka,
na sare hawa na biyar da na yi alfahari da shi,
Gambo mai gadi na bin tartsatsina da bokitin yashi.
Na ja kantoci baya, na huda siminti,
na matsar da allo hagu da taku huɗu.
Sunan Alhaji bai ragu da harafi ko ɗaya ba.

Da na zo karɓar kuɗi ya ƙirgo jaka talatin,
yana cewa bai taɓa sayen babu da tsada haka ba.
Gaskiyarsa.
Babu na ƙera masa:
babu a sama, babu a tsakiya,
babu mai kusurwa huɗu a jikin bango.

Damina biyu ke nan.
Ba abin da ya kama, ba abin da ya ƙone,
ba wanda zai zo ya ce mini sannu da aiki.
Alhaji har gobe in ya ɗaga kai
katifu sittin yake gani.

Sai dai jiya da asuba na bi ta wajen.
Gambo ya mayar da tabarmarsa ƙarƙashin tagar,
ya ce da can, in an kulle shi da kayan,
yakan kwana yana lissafin ƙofa ɗaya.
Yanzu barci yake.
Na leƙa. Haske ya shiga ta saman kantoci
ya kwanta a ratar nan, kamu guda,
bai taɓa komai ba.